Hotunan Amurka da Tuwon Hannun Hagu

Ina dab da shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kafanchan, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin basasa. Mijina yana aikin gyaran layin dogo, ni kuma ina bin ƙauyuka in sayo ɗanyar citta, in tsaga, in shanya, in kai kasuwa. Ajinmu yana wani ɗaki a bayan coci, mu mata goma sha, sau uku a mako da ƙarfe uku na yamma. Babu wadda ta sha Hausa a nono a cikinmu. A kasuwa da coci muka tsince ta. Amma da ita aka ce za mu koyi karatu, muka ce to.

Littafin da aka raba mana ɗan siriri ne mai bango ruwan ƙasa, a nan cikin gari aka buga shi. Kowane shafi akwai hoto a sama, da kalma ko gajeren zance a ƙasa. Dabarar ita ce ki kalli hoton, ki gane abin, sai ki san baƙaƙen da ke ƙasa sunansa ne. Dabara ce mai kyau, in da hotunan suna faɗin gaskiya.

A shafi na uku an rubuta cewa mace tana daka. Hoton kuwa wata Baturiya ce zaune a kujera, da riga har ƙasa, da hula kamar an kifa mata kwando, ta riƙe wata siririyar sanda da ta shige cikin wani dogon abu mai murfi. Ni dai ban taɓa ganin turmi mai murfi ba, ban kuma taɓa ganin macen da ta zauna a kujera ta yi daka da hannu ɗaya ba. Rijiyarsu tana da rufi da ginshiƙai, har wata 'yar Gwantu da ke cikinmu ta rantse kabarin Bature ne. Karensu gashi ya rufe masa ido, kowa ya ce tunkiya ce. Waɗannan duk mun yi dariyarsu. Wanda ba mu yi dariyarsa ba shi ne shafin uwa da jariri. An kwantar da jaririn a cikin akwatin katako, an lulluɓe shi har wuya, uwar tana zaune gefe ta sunkuyar da kai. A wurinmu jariri yana baya ko yana cinya. Akwatin katako wuri ɗaya muka san ana kai shi. Akwai wata a ajin da ta binne ɗa a damina ta baya. Ta buɗe shafin, ta rufe littafin, ta yi mako biyu ba ta zo ba.

Malaminmu tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, mutumin kirki, sai dai ba ya son abin da zai haɗa shi da manya. Da muka kai masa kuka, sai ya ce mu manta da hoton, mu haddace abin da ke ƙasa. Na tambaye shi, to me ya sa aka sa hoton? Ya ce in zauna.

Wata rana mai duba makarantun manya ya zo a kan babur daga ofishin ilimi. Gwajinsa shi ne ya rufe rubutun da tafin hannu, ya nuna hoto, ya baza katuna a tebur, ya ce a ɗauko katin da ya dace. Mun san baƙaƙen, wallahi mun sani. Amma idan mutum ya nuna miki tunkiya, ya ce ki nemo sunanta, kin duba katuna babu tunkiya, me za ki ɗauka? Wasu suka tsaya suna kallon tebur. Wata ta ɗauki kare don ta tuna shafin, sai kuma ta mayar, wai kada ta yi ƙarya a gaban baƙo. Mutumin ya yi ta rubutu a takardarsa, ya hau babur ya tafi.

Sakataren kwamitin ilimi na cocinmu ne ya kawo mana sakamakon. Akawu ne a ofishin gwamnati, mai laktaye ko rana tana narka kwalta, kuma na girme shi da shekara kusan goma. Ya tsaya a ƙofa, bai ko shigo ba, ya ce rahoto ya nuna kanmu ya riga ya bushe. Ya ce mai dubawa zai sake zuwa sau ɗaya bayan an cire citta. In muka sake faɗuwa, za a rufe ajin, a zuba takin zamani a ɗakin, domin manoman ikkilisiya sun daɗe suna neman wurin ajiya. Na ce masa hotunan ne ba daidai ba. Ya yi murmushi ya ce, "Mama, hotunan nan daga Amurka suka zo. Ke daga ina kika zo?"

Amsar da ta zo bakina ba ta harabar coci ba ce, sai na kwashi littafina na tafi gida. Amma na kwana da maganar. In an rufe ajin nan, babu wani a gari da zai karɓi mace mai shekaruna. Rabin karatun da na samu zai zube, in koma yadda nake.

Washegari na bar kasuwa na tafi wurin mai ɗab'in da ya buga littafin. Shagonsa yana kusa da tashar jirgi, ɗaki guda mai warin tawada da kananzir. Tsoho ne, shi kaɗai yake aiki, da injin da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Yawancin aikinsa katin biki ne da takardun taron coci. Na gaishe shi, na aje littafin a gabansa, na ce ya gaya mini inda ya samo matar nan mai turmi da murfi.

Ya yi dariya har da tari, sannan ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da 'yan katakai, kowanne an manna masa ƙarfe a fuska, hoto a jikin ƙarfen, duk sun yi baƙi da tsohuwar tawada. Ya ce wani Bature ɗan mishan da ya koya masa aiki ne ya zo da su a jirgin ruwa, da zai koma gida ya bar masa. Ya gaya mini abin da Baturen ya gaya masa: cewa a can Amurka, zamanin kakannin kakanninsu, lokacin da suka fara buga littattafai, masu sassaƙa hoto a katako ba su da yawa. Mai ɗab'i in ya sami hoto ɗaya ba ya rabuwa da shi. Ya buga shi a littafin yara, ya buga shi a kalandar manoma, ya ara wa maƙwabcinsa. Fuskar mutum guda yau ita ce sarki, gobe ita ce mai wa'azi. Daga baya suka iya zuba irin hoton a ƙarfe, suka yi ta yawa, suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har waɗannan suka iso Kafanchan.

Sai ya ciro wani ɗan littafi daga cikin tsumma, bai fi tafin hannu ba, takardarsa ta yi ja don tsufa, hotunansa ƙanana kamar kwalin ashana. Ya buɗe, ga matar nan tawa zaune a kujerarta. Ya karanta Turancin da ke ƙasa ya fassara mini. Nono take kaɗawa ta fitar da man shanu. Ba turmi ba ne, bai taɓa zama turmi ba. Akwatin jaririn kuma gadon yara ne mai lilo, uwar waƙa take yi masa.

Na daɗe ina juya ɗan littafin nan. Gaskiya aikin ya yi kyau. Ana ganin kowace lanƙwasa ta rigar, har da kyanwa a gindin kujera. Ban ji haushin wanda ya sassaƙa ba. Shi abin gidansu ya sassaƙa wa yaran garinsu, yaro ya kalla ya ce ga abin kakata, ya karanta sunan. Haushin da na ji na mutanenmu ne, waɗanda uwayensu suka yi dakan da ya biya musu makaranta, suka kalli wannan hoto da idonsu biyu, suka rubuta daka a ƙarƙashinsa, sannan suka dawo suka ce mu ne kanmu ya bushe. Na tambayi tsohon wa ya zaɓi hotunan. Ya ce sakatare ne ya zo ya tona akwatin, ya ware waɗanda suka yi kama.

Na ce masa, idan katako ne asalin abin, ai muna da katako. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in na kawo masa zai buga. Ya ba ni ɗaya daga cikin na akwatin don awon kauri, ya ce fuskar katakon ta zama sumul, kuma duk inda ake son ya fito fari a takarda a ƙwaƙule shi, a bar inda ake son baƙi. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan. Ina so a riƙe wannan.

A layinmu na kasuwa akwai wata dattijuwa mai sayar da ƙwarya, ita take yi musu zane da wuƙa da hannunta. Musulma ce, daga tsoffin gidajen 'yan kasuwa da suka zauna a garin tun kafin a haife ni. Inna nake kiranta, ita kuma ta ce mini 'yar nan, ko da yake ni ma ina da jika. Mun shekara muna tsare wa juna kaya. Na kai mata maganar. Da farko ta ƙi, ta ce ita ƙadangare da tsuntsu da igiya take zanawa, ba mutum ba. Na yi ta binta kwana uku. Daga ƙarshe ta yarda bisa sharaɗin ba za ta yi wa kowa ido ko baki ba. Na ce babu komai, mu ba kallo muke so su yi ba, aiki muke so su yi.

Kafinta ya goge mana guntayen maɗaci guda biyar. Matan aji muka zauna muka zaɓi abin da za a yi: daka, da rijiya da guga, da goyo, da cin tuwo, da yarinya tana miƙa wa dattijo ruwa. Inna ta ce ba ta zana abin da ba ta gani, don haka muka riƙa zuwa tsakar gidanta muna yi tana kallo. Biyu suka yi mata daka. 'Yar Gwantu ta goya jikar Inna ta yi ta zagaye. Ni aka ba tuwo. Na zauna a tabarma da malmala da miyar karkashi, na ɗaga loma, ta ce in tsaya a haka. Hannuna ya yi tsami, miya tana bin gwiwar hannuna, tana ta zagina wai ina motsi kamar akuya a ɗaure. Ba ta yi mini fuska ba, amma ta yi ɗaurin ɗankwalina, mai ƙulli a goshi, wanda duk garin an san ni da shi.

Mako uku ta yi a kansu, tsakanin ciniki da ciniki. Da ta gama, muka wuce da su hannu zuwa hannu a aji. Turmi turmi ne, taɓarya taɓarya ce, guga har da igiyarsa. Wadda ta binne ɗa ta riƙe katakon goyo ta ƙi sakinsa sai da malam ya roƙe ta. Na kai su wurin mai ɗab'i ranar Alhamis, ya jujjuya su, ya kalle ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce in dawo Litinin.

Ban kai Litinin ba. Ranar Lahadi muna fitowa daga sujada na ga mutane sun yi cincirindo a allon sanarwa da ke bakin ƙofa, ana ta dariya. Na kutsa. Ga takardu biyu an kafe da ƙusa. A ɗaya, yarinya ta durƙusa tana miƙa wa dattijo ruwa da hannun hagu. A ɗayar, ga mace da ƙullin ɗankwali a goshi, ta ɗaga ƙatuwar loma za ta kai baki, da hagu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan, Kirista ko Musulmi ko mai bin na gargajiya, ya san aikin da aka ware wa hannun hagu. Yaron da ya miƙa wa babba abu da shi sai ya sha mari. Ni da na yi renon yara shida ina buge musu hannu a kan akushi, ga ni a ƙofar coci ina cin tuwo da shi. Sakatare yana tsaye gefe, hannu a aljihu. Ya bari sai da mutane suka lura da ni, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Gwamnati ta mayar da motoci hannun dama, Mama kuma ta mayar da tuwo hannun hagu. Wannan ne littafin da za a koya wa iyayen yaranmu?"

Aka sake fashewa da dariya. Har mijina na gani ya sunkuyar da kai ya bi ta bayan coci. Kafin yamma kwamiti ya aiko wa malam cewa ba a yarda da hotunan ba, a ci gaba da na Amurka.

Abin da ya fi damuna shi ne na san da dama na ci tuwon nan. Hannuna na dama ne ya yi tsami. Na kuma ga katakon da idona, da dama Inna ta sassaƙa. Da sassafe ranar Litinin ina ƙofar shagon mai ɗab'i kafin ya buɗe. Na ce ya gaya mini wane sihiri ya yi wa hannuna.

Bai yi gardama ba. Ya ɗauko haruffan dalma da ya jera don wani katin biki, ya ce in karanta. Na duba, baƙaƙen da na sha wahala na koya duk sun juya mini baya. Ya shafa wa tafin hannunsa na dama tawada, ya danna a takarda, ya ɗaga, ya ce in duba ta ina babban yatsa ya koma. A nan na gane. Duk abin da aka danna a takarda juyawa yake yi. Mai son dama a takarda sai ya sassaƙa hagu a katako. Ya ce wannan shi ne abu na farko da ake koya wa mai wannan sana'a, har a can Amurka ɗin.

Na ce, "Baba, in shi ne na farko, me ya sa bai zama na farko da ka gaya mini ba?"

Ya ce ranar da na fara zuwa bai zaci zan dawo ba. Ranar Alhamis kuwa ya gani, ya so ya faɗa, sai ya ce bari ya fara sanar da sakatare, tun da daga hannunsa aikin coci yake fitowa. Sakatare ya zo, ya duba, ya ce a buga yadda aka kawo, kada a ce mini komai. Ya kwashe takardun duka, ya kuma tafi da katakai biyun, na tuwo da na ruwa, ya kulle a kabad ɗinsa.

Na faɗa wa tsohon nan maganganu. Ba zan rubuta su duka ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma ya gyara abin da ya ɓata. Na dai ce masa furfurarsa ba ta hana shi sayar da mata goma sha don katin biki ba. Ya goge hannu da tsumma. Can sai ya ce akwai hanya mai sauƙi. In aka sami takardun nan biyu da suka fito a juye, a manna kowace a kan sabon katako, hoton yana kallon sama, mai sassaƙa ta bi layin ta yanke ta cikin takardar. Katakon zai zama hagu, bugun ya fito dama. Matsalar ita ce takardun da suka rage a waje su ne biyun da ke allon coci.

Na bi hanyar mutunci da farko, kowa ya shaida. Na je ofishin sakatare na roƙa. Ya ce kayan ikkilisiya ne, kuma za su zauna a allon har ƙarshen wata don su zama darasi. Na aika malam, ya dawo yana gumi, bai ko iya faɗin abin da ya kai shi ba. Citta kuwa an fara cirewa a gonaki, mai dubawa yana iya zuwa kowane mako.

Ranar Lahadi ta biyu, ana fitowa, na wuce kai tsaye zuwa allon. Na zo da ƙaramar wuƙar tsaga citta a cikin zanina. Na sa ta na ɓanɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada takardar ta yage. Sakatare ya taho yana cewa in aje, in aje, wannan allon ba na mata ba ne. Na ninke takardun na sa a rigata, na ce masa, "Malam, hoton nan ni ce. In kana so, sa hannu ka ɗauka a inda yake." Bai sa ba.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe saura Inna. Labari ya riga ya kai kasuwa, ana tsokanarta wai tsufa ya sa ba ta san damanta da hagunta ba. Mace ce da ta shekara arba'in ana yaba hannunta. Da na yi mata bayanin juyawar, ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji, amma ba za ta yi ba. Na farko kuskuren inji ne, ta ce, wannan kuwa da saninta za ta zauna ta sassaƙa 'ya mace tana miƙa wa babba ruwa da hagu, kuma katako ba ya ruɓewa da wuri, wata rana wani zai tsinta ya ce aikin wance ne.

Ban yi mata faɗa ba, ita kaɗai ce a cikin wannan magana ba ta cancanci faɗana ba. Na dama sitacin rogo, na manna takardun a kan sababbin katakai a gabanta, na aje. Na ce ba ita za ta zana ba, inji ya riga ya zana abin kunyarsa, ita bin layi kawai za ta yi. Na kuma gaya mata cewa in ba ta yi ba, abin da gari zai riƙe game da hannunta shi ne abin da aka gani a ƙofar coci. Ta ɗauki katako ɗaya ta jujjuya shi. Sannan ta ce, "'Yar nan, ke masifa ce. Rufe ƙofar zauren."

A cikin ɗaki ta yi aikin, ba a tsakar gida ba, ba a kasuwa ba. Kwana shida. Ta naɗe su a tsumma ta ce kada in buɗe a hanya, kuma da an gama bugu a dawo mata da su ta sa a murhu. Haka aka yi. Na tsaya a kan mai ɗab'i yana taka injinsa har takarda ta farko ta fito. Ga ni zaune, loma a hannun dama. Ya buga mana duka biyar ɗin, da rubutunsu a ƙasa, ya ba ni a hannuna, bai bi ta wurin kowa ba.

Mako biyu muka samu muna karatu da su kafin babur ɗin ya dawo. Ranar gwajin sakatare ya zo da kansa ya zauna a gaba. Mai dubawa ya ciro littafi mai bango ruwan ƙasa. Na kalli malam, malam ya kalli ƙasa. Na riga na fara miƙewa sai na ga malam ya tashi, ya aje takardunmu a tebur ya ce da waɗannan aka koyar. Sakatare ya ce kwamiti bai amince da su ba. Mai dubawa ya ɗaga ta daka, ya kalla, ya buɗe littafin ya kalli Baturiyar, ya sake kallon tamu. Ya ce shi karatu aka aiko shi ya gwada, ba kwamiti ba.

Ya nuna hoto, muka ɗauko kati. Ya kife hotunan ya ba mu katuna zalla, muka karanta. Ya rubuta wasu kalmomi a allo da ba mu taɓa gani ba, muka haɗa baƙaƙen muka fitar da su, wasu da sauri, wasu da ƙyar. Biyu sun kasa, tsoro ya kama su. Sauran muka wuce. Ya rubuta a takardarsa, ya karanta mana da baki cewa aji ya ci gaba.

Sakatare kuwa bai haƙura ba. Ƙarata ya kai gaban dattawan ikkilisiya, wai na shiga harabar coci da wuƙa, na ɓata allo, na kuma yi masa maganar da ba ta dace da matar aure ba. Aka kira ni. Suka ce in tsaya gaban jama'a in roƙi gafara, magana ta wuce. Na ce zan roƙa, da zuciya ɗaya, ranar da shi ma ya taka zuwa kasuwa ya roƙi gafarar dattijuwar da ya mayar abin dariya alhali ya san ba ta yi kuskure ba. Wani dattijo ya ce ai ita ba 'yar ikkilisiya ba ce. Na ce shi ya sa ma ya kamata a fara da ita.

Suka sa ni a ƙarƙashin horo wata uku: bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, ba waƙa a zumuntar mata. Da wata ukun suka cika aka sake tambayata, na maimaita abin da na faɗa, aka ƙara uku. Sun so su hana ni aji ma, malam ya ce rajistar ajin a ofishin ilimi take, ba shi da ikon cire suna.

Sakatare bai je kasuwa ba. Ni ma ban roƙa ba. Daga ƙarshe fasto ne ya gaji, wata Lahadi ya aiko a ce in koma wurin zamana, ba tare da wani ya ce komai ba. Har yau ina ganin an cuci Inna, kuma babu wanda ya biya ta da ko kalma ɗaya. Ajin dai bai rufe ba. Shekara uku na ƙara yi a ɗakin nan, a benci na biyu kusa da taga, har na iya rubuta abin da ake karantawa yanzu.